Likita ya ce a riƙa ɗaukar 'yata bidiyo tana shaƙar magani, surukata ta ce raini ne

Assalamu alaikum Anti. Muna zaune a Kaduna ni da maigidana da yara biyu, amma ta farin tana Katsina wajen mahaifiyarsa tun da aka yaye ta. Yanzu shekarunta 11, kuma tana da ciwon asma. A hunturun bara sau biyu ana kwantar da ita a asibiti, na biyun har sai da aka sa mata iskar oksijin. Da ta zo hutu muka kai ta wajen wani likitan yara a nan, ya ce ta shaƙi maganin a gabansa ya gani. Anti, ashe fesawa kawai take yi kamar turare, maganin yana fitowa ta baki yana bin iska. Inhela, wato ɗan gwangwanin maganin da ake fesawa a baki, mai ruwan ƙasa da aka rubuta mata wata biyar da suka wuce tana nan cike, shuɗiyar kuwa ta ƙarar da uku.

Likitan ya koya mata, sannan ya ce in ta koma a riƙa ɗaukar ta bidiyo safe da dare tana shaƙa, a tura wa wata nas a sashensu ta WhatsApp har mako shida, su riƙa gyara mata. Da maganar ta kai kunnen Hajiya sai ta ce, "Ni da na raini ubanta har ya zama mutum, yau ni za a sa wa ido da waya?" Ta ce inhela sabo take sa wa yaro, ita zuma da habbatus sauda take ba ta. Maigida kuma ya ce ba ya son bidiyon 'yarsa a wayar wanda bai sani ba, kuma ba zai ja da mahaifiyarsa ba. Ni kuwa kin san sha'anin 'yar fari, ko sunanta ba na kamawa a gabansu, in na matsa a ce ba ni da kara. Ga hunturu ya ƙarato, barci ya gagare ni. In sa a dawo mini da ita ne, ko in ja bakina in yi shiru?

Wata uwa daga Kaduna

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Allah ya ba yarinyar lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Shirun dai ki cire shi daga lissafi. Kara abu ce mai kyau, da ita zaman gidajenmu yake ɗorewa, kuma na ji daɗi da har cikin tashin hankali kina auna ta. Amma don kare mutuncin manya aka yi ta, ba wanda ya taɓa cewa a yi kara har numfashin yaro ya tsaya. Asma tana kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da ita, kuma ta yi ajalin 455,000, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki shi ne shuɗiyar nan uku a wata biyar. Ƙungiyar masana asma ta duniya da ake kira GINA ta ce ƙarar da uku ko fiye a shekara guda alama ce ta haɗarin mummunan tashin ciwon. Ga kuma kwanciya asibiti sau biyu. Rashin barcinki yana da dalili.

Maganar ɗauko ta kuwa, tukuna. Akwai ƙofofin da ba ku ƙwanƙwasa ba.

Ina so ki fara gane dalilin da ya sa mai ruwan ƙasar ta zauna cike, domin in kin gane shi haushin Hajiya zai ragu a ranki. A ƙirjin mai asma abu biyu ne ke faruwa. Hanyoyin iska na cikin huhu a kumbure suke daga ciki, ko a ranar da yarinya take tsalle lafiya lau. In ƙura ko hayaƙi ko mura ta taɓa su, sai naman da ke kewaye da su ya tsuke, numfashi ya riƙa fita da ƙara. Shuɗiyar tana saki wannan tsukewar cikin mintuna kaɗan, aikinta ya yi kamar awa huɗu ya wuce, kumburin yana nan inda yake. Mai ruwan ƙasar ita ce ke rage kumburin a hankali, kuma sai an jera kwanaki, wani lokaci makonni, ana shaƙa kullum kafin a ga amfaninta. In an shaƙe ta a tsakiyar tashin ciwo ba za a ga komai ba. To ki ɗora kanki a matsayin tsohuwar da ta gwada biyun da tsakar dare: ɗaya ta ga aikinta nan take, ɗaya kamar an fesa iska. Wace za ta riƙe? Ko ni ba a yi mini bayani ba, abin da zan yi ke nan. Misalin da Hajiya za ta gane shi ne na ɗakin ƙasa. Mai ruwan ƙasar yaɓe ce da ake yi tun da rani, shuɗiyar kuwa kwanon da ake tarawa ne in rufi ya fara yoyo. Gidan da kullum ake neman kwano, yaɓen ne aka bari.

Zancen sabo kuma da yawa daga cikin iyayenmu sun yarda da shi, saboda sun ga yaro ya kai matsayin da ba ya rabuwa da shuɗiyar. Ciwon ne da ba a danne ba yake ta kiran ta. Yaron da ya jure wa mai ruwan ƙasar yakan kai ga shuɗiyar ta yi makonni a jaka ba a taɓa ta ba, kuma wannan ita ce hujjar da za ta gamsar da Hajiya fiye da duk wani dogon bayani. Zuma da habbatus sauda kada ki ce ta daina. Ki bar mata abinta, a haɗa da maganin likita, tunda ba sa hana juna.

Yanzu bidiyon. Me ake nema a gani a cikinsa? A cire murfi, a girgiza inhelar sosai. Yarinya ta miƙe zaune ko tsaye, ta fitar da numfashi a hankali har ƙirji ya sauka. Ta kama bakin inhelar da leɓɓanta ba tare da barin kafa ba. Ta fara jan iska a hankali, a daidai lokacin ta danna sau ɗaya, ta ci gaba da ja har ƙirji ya cika, sannan ta riƙe numfashin ta ƙirga kamar goma. In fesa biyu aka rubuta, ta jira rabin minti, ta sake girgizawa, ta maimaita daga farko. In mai ruwan ƙasar ce, ta kuskure baki da ruwa ta zubar, don kada farin kurji ya fito mata a harshe ko murya ta dishe. Duk wannan bai kai minti biyu ba, amma a kowace gaɓa ana iya kuskure, kuma mai yin kuskuren ba ya sani. In kika buga waya kika ce ta sha magani? za ta ce na sha, kuma ba ƙarya ta yi ba, alhali maganin a harshenta da maƙogwaronta ya tsaya. Gani ya kori ji. Nas ɗin da ta kalli bidiyon za ta iya cewa kin danna kafin ki fara ja, gobe ki jinkirta kaɗan.

Haɗa dannawa da jan iska yana ba manya ma wuya, balle 'yar shekara 11. Shi ya sa kafin maigida ya tafi Katsina ina so ku tambayi likitan bututun robar nan da ake haɗawa da inhela, wanda a asibiti suke kira sifesa. Ana fesa maganin a cikinsa, yarinya ta ja shi a natse. In ba a samu ba ko ya yi tsada, akwai mafita. A 1999 Farfesa Heather Zar da abokan aikinta a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu sun nuna cewa robar lemo mai cin rabin lita, in an huda gindinta daidai bakin inhela aka toshe kewayen, tana aiki kusan kamar sifesar kanti ga yara. Kada ku haɗa da ka, ku sa a nuna muku a asibiti. Kuma wannan duka ga inhela mai fesawa ne. Akwai mai garin magani wadda ita da ƙarfi ake zuƙa kuma ba a sa mata sifesa, don haka ku tabbatar wace iri ce a hannunta.

Shawarar likitan ba ƙirƙirarsa ba ce. Masu maganin tarin tibi sun daɗe suna sa majiyyaci ya haɗiyi ƙwayoyinsa a gaban ma'aikacin lafiya, mu ma a asibitocinmu an san wannan tsari. Da wayoyi suka yawaita, a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa yin hakan ta bidiyo inda hali ya samu. A wani bincike da aka buga a Ingila a 2019, kashi 70 cikin ɗari na masu tura bidiyo an samu ganin akasarin shan maganinsu a wata biyun farko, masu zuwa ido da ido kuwa kashi 31 ne kawai. Daga nan likitocin asma suka ara. A Belfast da ke Ireland ta Arewa, masu bincike na Jami'ar Queen's sun gwada shi a kan yara 20 da 'yan kai masu asmar da ta ƙi lafawa: bidiyo sau biyu a rana har mako shida, nas tana kallo tana gyarawa. A rahotonsu na 2018, zuwa mako na biyar duk yaran da suka ci gaba da turawa sun iya shaƙar yadda ya kamata. Binciken ƙarami ne, ban ce ki ɗauke shi a matsayin waraka ba. Abin da ya nuna shi ne gyara na kullum na ɗan lokaci yana zaunar da hannu, kamar yadda ake biya wa yaro allo har ya haddace. Sai dai in za ku yi wa Hajiya bayani, ku bar zancen tibi a gefe. Da ma mutane suna haɗa fuka da tarin fuka, kada ta ɗauka ana nufin jikarta tana da ciwon da ake ɗauka. Asma ba a ɗaukar ta.

Mu dawo kan Hajiya, don a nan ƙullin yake. Shekara tara ko fiye yarinyar nan tana ɗakinta. Daren da ƙirjin ya tashi, ita ce a zaune ta jingina ta da jikinta tana shafa mata baya, tana jin haƙarƙarinta yana shiga yana fita, tana addu'a gari ya waye. Ita ta nemi mota aka tafi asibiti sau biyun nan. Sai ga jika ta je hutu Kaduna ta dawo da saƙo cewa daga yau a riƙa ɗaukar bidiyo ana turawa. Abin da ya shiga kunnenta shi ne kin gaza, kuma matar ɗanki ce ta gano. Ko wace uwa ce za ta ji zafi. Kuskuren da aka yi a hanyar isar da saƙon ne, kuma ana iya gyara shi.

Wannan magana ba ta bakinki ba ce, ba kuma ta waya ba ce. Maigidanki ne zai shiga mota ya je Katsina ya zauna gaban mahaifiyarsa. Ki ce masa ba ja da ita kike so ya yi ba, alfarma kike so ya nema. Kafin ya tafi, ku roƙi likitan ya yarda a kira shi daga can ya gaisa da Hajiya ya yi mata bayani da bakinsa, domin tsofaffinmu suna girmama likitan da ya girmama su. Shi kuma maigida ya ce wani abu kamar haka: "Hajiya, likita ya ga kuskuren a hannun yarinyar yake, ba ta iya haɗa dannawa da jan numfashi ba. Ba wanda take jin maganarsa kamar ku, shi ya sa muka zo ku taimaka mana na mako shida." Ba daɗin baki ba ne, gaskiyar ke nan. Ya nuna mata a wayar cewa bakin yarinyar da hannunta kawai ake ɗauka, ba ɗakinta ba, ba ita ba. A ba ta kalandar a hannunta, ita ce mai cewa kishiya zo ki yi na likita, bayan sallar asuba da bayan isha'i, lokutan da da ma ba sa wuce ta. Ke kuma, ko da ranki yana so, kada ki nemi a riƙa turo miki bidiyon. Ya tafi wajen nas kai tsaye. In Hajiya ta san ba idonki ne a ƙarshen wayar ba, rabin maganar sa ido ta mutu, karar da kike gudun karyawa kuma tana nan daram.

Damuwar maigidanki ita ma ba ta banza ba ce, kada ki yi masa kallon mai kawo cikas. Yarinya ce mai tasowa, kuma kowa ya san yadda bidiyo ke yawo. Ya je asibitin da kansa ya tambaya: wayar aiki ce ko ta nas ɗin ce ta gida, mutum nawa ke kallo, yaushe ake gogewa. Yana da haƙƙin wannan tambayar, domin dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa, kuma na yaro sai da yardar iyaye. Yarinyar ta sa hijabinta, ta jingina da bango, a ɗauka daga kafaɗa zuwa sama. A WhatsApp akwai tsarin tura bidiyon da ake buɗewa sau ɗaya ya ɓace. In duk bai natsu ba, a yi kiran bidiyo kai tsaye wanda ba ya barin komai a waya, ko da sau biyu ne a mako. Ko kuma likita ya koya masa shi kansa, ya zama shi ne mai kiran 'yarsa da dare yana kallo. Wannan na ƙarshen ni har ya fi kwanta mini a wani ɓangaren, don uban da ya taɓa ganin 'yarsa tana kokawa da inhela ba sai an sake roƙon sa ya sayi magani ba.

Kuma ku tambayi ita yarinyar. Kowa yana magana a kanta, ban ji inda aka ji ta bakinta ba. Wataƙila ɗanɗanon maganin ne ba ta so, wataƙila 'yan ajinsu sun taɓa yi mata dariya, wataƙila ta ji ana cewa zai sa mata sabo ta tsorata. In bidiyon ya zama wurin faɗa, za ta fara ɓuya. A yaba mata ranar da ta yi daidai, ranar da aka manta kuma a wuce ba gori.

Akwai abin da kyamara ba za ta nuna muku ba, shi ne ko ana tattalin maganin ne saboda tsada. Tun da kamfanin GSK, mai yin inhelar Ventolin da Seretide, ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, farashin inhela ya yi tashin da ya gigita gidaje da yawa. Tsohuwa mai kawaici ba za ta kira ɗanta ta ce magani ya ƙare ba, sai dai ta riƙa lallaɓa wanda ke hannu. Ku ɗauke mata wannan nauyin, ku aika da sabuwa tun ta hannu ba ta ƙare ba. Lissafin mai sauƙi ne: in gwangwanin fesa 200 ne kuma biyu ake yi da safe biyu da dare, kwana 50 zai yi. Ku rubuta ranar da aka buɗe a jikinsa. In kwana 50 sun cika yana nan da nauyi, an yi tsallake. In sun wuce, a canja shi ko da yana fesawa, don gwangwanin da maganinsa ya ƙare yakan ci gaba da fitar da iska. Wannan lissafin zai yi muku aiki har a ranakun da babu sabis ko data ta yanke.

Turaren wuta, maganin sauro mai hayaƙi, hayaƙin itace da na janareto, da sharar tsakar gida ba a yayyafa ruwa ba, duk suna tayar da ciwon, balle in hazo ya sauko. Amma kada ku haɗa wannan da maganar bidiyo a zama ɗaya, zai yi wa Hajiya yawa. Ku aika da gidan sauro a matsayin tsaraba, sauran likita ya faɗa da bakinsa.

Abu ɗaya ne ba zan yarda a jinkirta ba, ko an yi bidiyo ko ba a yi ba. Likitan ya rubuta muku takarda da Hausa, a manna a bangon ɗakin Hajiya, a karanta wa duk wani babba a gidan: me za a yi in ciwon ya tashi, fesa nawa, yaushe za a fita. Abin da hukumar lafiya ta Ingila ke koya wa iyaye shi ne fesa ɗaya na shuɗiyar duk bayan rabin minti zuwa minti ɗaya, har zuwa goma, yaro yana zaune a miƙe, amma ku bi adadin da likitanta ya rubuta. In ta kasa ƙarasa magana saboda haki, ko fatar wuyanta da tsakanin haƙarƙari tana lotsawa, ko leɓɓanta sun canja launi, ko ta yi laushi tana gyangyaɗi, ba a jiran asuba. A san tun yanzu motar wa za a nema da kuma asibitin da za a nufa.

In an yi duk wannan Hajiya ta ce ita dai ba waya, kada ku mai da shi rigima. Ku nemi wata a cikin gidan, ƙanwar maigida ko wata jika babba, a koya mata ta riƙa tsayawa a kai, sannan duk mako a kai yarinyar wajen nas ko mai kyamis da ya san aikinsa ta shaƙa a gabansa. Ku ba abin wata guda. In kun ga har yanzu tana neman shuɗiyar fiye da sau biyu a mako, ko tari yana tashin ta da dare, ko mai ruwan ƙasar ba ta raguwa, to lokacin ɗauko ta ya yi, kuma a nan ina bayanki ba tare da wata tantama ba. Sai dai maigida ya je da kansa ya ce aron ta aka zo yi don jinya, likitanta yana Kaduna yana so ya riƙa ganin ta har hunturu ya fita, kuma in Hajiya za ta biyo ta su zo tare ɗakinta yana nan a gyare. Ku nemi makarantar da za ta karɓe ta na zango ɗaya tun yanzu, don kada ranar ta zo ku tsaya neman wuri.

Ki sake rubuto mini bayan tafiyar Katsinan, ina so in ji yadda Hajiya ta karɓi maganar da kuma nauyin gwangwanin nan mai ruwan ƙasa.